NAMASTE DA LAFIYA LAU: ME MUKE FAƊA IDAN MUN GAISA?

Da wuya a sami Bahaushen da ya kai shekara goma a duniya bai taɓa ganin Ba'indiye ya haɗa tafukan hannuwansa a ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce "namaste" ba. Tun cikin shekarun 1950 da Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Kano da sauran manyan garuruwa, wannan gaisuwa take yawo a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun gan ta a fim ɗin Mother India na 1957, mu mun gan ta a gidajen bidiyo na Anka da Gummi lokacin da ake biyan 'yan kwabbai a zauna a kan benci, yaranmu kuwa a wayar hannu suke ganinta, an ma fassara musu fim ɗin da Hausa. Shekara saba'in ke nan muna kallon mutanen nan suna gaisawa, suna rera waƙoƙin ibadarsu a gaban gumaka, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi abin da kalmomin ke nufi. Wanda kuwa ya yi tambayar zai tarar ta juyo kansa, domin sai ya soma tunanin abin da shi ma yake faɗa kullum safiya ba tare da ya saurari bakinsa ba.

Bari mu fara da ita namaste ɗin. Kalma ce ta Sanskirit, wato tsohon harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da shi. Gaɓa biyu ce aka haɗa: "namas", ma'ana sunkuyawa ko rusunawa, da "te", ma'ana gare ka. Fassararta kai tsaye ita ce "na rusuna maka". Iyakar abin da kalmar ta ce ke nan. Akwai wata fassara da ta yaɗu ƙwarai a Amurka da Turai ta hanyar masu koyar da motsa jikin yoga, wadda ke cewa wai ma'anarta ita ce allantakar da ke cikina tana rusuna wa allantakar da ke cikinka. Wannan sharhi ne aka ɗora wa kalmar, sai dai ba a banza aka ɗora shi ba. A cikin mazhabar falsafar Hindu da ake kira Adbaita Bedanta, an tafi a kan cewa ran da ke cikin kowane mutum, wanda suke kira atman, ɗaya yake da asalin halitta baki ɗaya, wanda suke kira Barahman. Wanda ya yi imani da haka, in ya rusuna wa maƙwabcinsa, a ganinsa ya rusuna wa abin da ya fi maƙwabcin girma. Amma mai sayar da shayi a tashar jirgin ƙasa ta Delhi ba ya kawo wannan dogon tunani a ransa duk lokacin da ya gai da mai saye, kamar yadda mai faci a tashar Gummi ba ya tuna cewa "barka" daga albarka ta fito idan ya ce barka da rana.

Sama da namaste akwai taɓa ƙafa. Yaro ko amarya ko ɗalibi zai duƙa ya taɓa ƙafar babba, shi kuma babban ya ɗora masa hannu a ka ya yi masa addu'ar tsawon rai. Wannan ya ba ni sha'awa, domin mu a nan na ƙasa ne ke roƙa wa na sama tsawon rai. Talaka ke ce wa hakimi "ranka ya daɗe", bafade ke ce wa sarki "Allah ya ja zamaninka". Abin da babba ke mayarwa shi ne "Allah ya yi maka albarka", ko a ce wa jariri "Allah ya raya". Kowace al'umma da inda take sa ran tsawon rai zai fito.

To, kafin mu yi saurin cewa rusunawa halin masu bautar gumaka ne, ya kamata mu dubi gwiwoyinmu. Muhawarar durƙuso tsohuwa ce a wannan ƙasa tamu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, ya lissafa zuba ƙasa a ka yayin gai da sarki cikin munanan al'adun sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi. Al'adar ba ta Hausa kaɗai ba ce, don Ibn Batuta ya gan ta a fadar Mali a 1352. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas wanda ya hana mutum sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya halatta musafaha. Duk da haka durƙuso bai mutu ba. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙura a cikin gidaje shi ne samari sun daina tsugunawa gaban iyayensu, suna miƙa musu hannu a tsaye. Wasu dattawa sun ɗauki abin fitsara, samarin kuwa suna ganin sunna suke rayawa. Har yau akwai gidajen da ba a gama wannan shari'a ba. Abin da na lura da shi shi ne, duka ɓangarorin biyu sun yarda a kan abu ɗaya ko da ba su faɗa ba, wato jiki ma yana magana, kuma abin da gwiwa ta faɗa ana iya tuhumar mai ita a kansa. Masu cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne suna nufin niyya ce ke hukunci. Masu hanawa suna nufin akwai siffar da aka keɓe wa Mahalicci, ba a ara wa kowa ita ko da kyakkyawar niyya. Wannan ita ce ainihin tambayar da namaste ke jefa wa Musulmi, kuma mun riga mun daɗe muna cacar baki a kanta da harshenmu.

Akwai gaisuwar Hindu da ta wuce batun rusunawa. A ƙauyukan arewacin Indiya manoma kan gaisa da "Ram Ram", wato su ambaci sunan Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa. A yankin Birindaban sunan Radha ake maimaitawa, a Gujarat kuwa sunan Kirishna. Hikimar a wurinsu ita ce kada haɗuwar mutum biyu ta wuce ba a ambaci abin bauta ba, ta yadda ko wanda bai je wurin ibada ba zai wuni yana zikirinsa a hanya da kasuwa. A nan Musulmi zai ja birki, don ambaton sunan ba gaisuwa ce kawai ba. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. As-Salamu suna ne daga sunayen Allah, yana cikin ƙarshen Suratul Hashri, saboda haka duk wanda ya yi sallama ya ambaci Ubangijinsa ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai sunan da aka saba gaisawa da shi yana iya rikiɗa ya zama makami. Daga ƙarshen shekarun 1980 'yan siyasar kishin Hindu suka ɗauki kirarin "Jai Shiri Ram", ma'ana nasara ga Rama, suka mai da shi taken gangami. Da shi a baki aka rushe masallacin Babri da ke Ayodiya ranar 6 ga Disamba, 1992, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000. A 2019 a jihar Jarkand an ɗaure wani saurayi Musulmi a jikin turke ana dukansa ana tilasta masa furta wannan kirari, bayan 'yan kwanaki ya cika. Sunan da tsohuwa ke gai da maƙwabciyarta da shi cikin lumana, shi ne dai aka mayar abin tantance wanda za a kashe. Kada mai karatu ya ce wannan halin Indiyawa ne. A rigingimun addini da aka sha yi a biranen Arewa, an tare mutane a hanya an ce su karanto wani abu na addini, wanda ya iya ya wuce, wanda ya kasa ya ga ta kansa, kuma kowane ɓangare ya taɓa yin haka. Sallamar da aka yi don a gane ko kai namu ne ta riga ta tashi daga addu'a ta koma shingen kan hanya.

Game da abubuwan da suke rerawa, wanda aka fi ji shi ne "Om". Malamin nan Albiruni, wanda ya zauna da malaman Hindu ya koyi harshensu ya rubuta littafi a kansu wajen shekarar 1030, ya lura cewa da wannan kalma suke buɗe littattafansu kamar yadda Musulmi ke buɗewa da Bisimilla. Wani ɗan ƙaramin littafinsu mai suna Mandukya, wanda bai wuce sakin layi 12 ba, ya rarraba sautin gida uku: "a" yana matsayin farke, "u" matsayin mafarki, "m" matsayin barci mai nauyi wanda ba mafarki a cikinsa. Sa'an nan ya ce akwai na huɗu, wanda ba a furtawa, shi ne shirun da ke biyo bayan sautin, kuma shi ne ya fi sauran daraja. Ni dai a matsayina na mai koyarwa wannan batu na shiru ya tsaya mini a rai, don duk wanda ya taɓa zama a da'irar wazifa ya san irin tsit ɗin da ke sauka idan an kai ƙarshen hailala, kafin kowa ya motsa. Ban ce abu ɗaya ba ne. Mai wazifa bawa ne yana kiran Ubangijin da ba shi da abokin tarayya, mai rera Om kuwa a mazhabar da na ambata yana neman ya gane cewa shi da abin da yake kira ba biyu ba ne, kuma tsakanin waɗannan akwai tazarar da kamannin carbi ba zai rufe ba, ko da yake su ma suna da nasu carbin mai ƙwaya 108. Akwai kuma addu'ar Gayatiri daga littafin Rigbeda, mai gaɓa 24, wadda ake karantawa da fitowar rana da faɗuwarta, ana roƙon abin bautar da ke da alaƙa da rana ya haskaka hankali.

Hausawa ba su tsaya ga kallo ba, sun yi aro. A Kano an sami ƙungiyoyin masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su zuba masa baitocin yabon Annabi (SAW). Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu duk sun yi rubutu a kan wannan. Masu yi suna cewa sun ƙwato kari ne daga wasa suka sa shi a hanyar Allah, masu suka suna cewa duk wanda ya ji karin, rawar fim ɗin zai tuna. Wannan gardama ma ba ta mutu ba, kuma ba zan raba ta a nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suke rufe addu'o'insu. Sukan ambaci kalmar "shanti", wato aminci ko kwanciyar hankali, har sau uku. Malamansu sun ce kowace ɗaya tana fuskantar wata irin masifa ce: ta farko wadda ke tasowa daga jikin mutum da zuciyarsa, ta biyu wadda ke zuwa daga sauran halittu, ta uku wadda ke saukowa daga sama, wadda ba hannun kowa a ciki. Duk mutumin yammacin Zamfara da ya ji wannan rabe-rabe ba ya bukatar a yi masa tafsiri. A 2010 gubar dalma ta shiga jinin yara a Bagega da Dareta da Abare cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma cikin ƙasar Bukkuyum, ta hanyar dutsen zinariya da ake daka wa a tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana biyu zuwa uku, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kusa 200. A Agustan 2024 ruwa ya ci unguwanni a garin Gummi. Ga ta jiki, ga ta mutane, ga ta sama, duk a cikin shekara 15.

Amma kuma a cikin waɗannan shekaru, duk safiyar Allah, idan ka ce wa mutumin Bagega "ina kwana", abin da zai ce maka shi ne "lahiya lau". Ka ce "ina gajiya", ya ce "ba gajiya", alhali a daji ya kwana. Ka ce "ina labari", ya ce "sai alheri". Ka tambayi wanda gidansa ya rushe "yaya ruwa", ya ce "ruwa ya yi gyara". Wata rana ina bayanin gaishe-gaishe a aji, wani ɗalibi daga cikin waɗanda suka yi gudun hijira ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wannan ba ƙarya ba ce?" Tambayar ta fi ƙarfin darasin ranar, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Amsar farko da kowa zai kawo ita ce al'ada ce kawai, ba a nufin komai da ita. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin da ba a nufin komai da ita, da ba a jin zafi idan an hana ta. Mutum ya wuce ka bai gaishe ka ba, sai ka wuni kana saƙe-saƙe. Gaba a ƙasar Hausa ba da zagi ake gane ta ba, da yanke gaisuwa ake gane ta, shi ya sa shari'a ta hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ta kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama.

A ganina, ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ka san ba haka yake ba don ya ɗauka haka ne. Mai cewa "lafiya lau" ba labari yake bayarwa ba, kuma mai tambayar ya san haka. Dubi kalmomin da kansu. Lafiya daga Larabci take, al'afiya, wadda ake roƙo a addu'a safe da yamma. Alheri daga alhairi yake. "Aiki da godiya" ba ta ce aikin yana da daɗi ba. "Yaya sanyi?" "Lokacinsa ne." Wannan ma ba ta ce ba a jin sanyin ba. Kowace amsa tana sanya mai magana ne a matsayin wanda bai yi fushi da Ubangijinsa ba, kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da ya same shi. Shi ya sa labarin gaskiya ke zuwa daga baya. Sai an gama jerin tambayoyin, an yi ɗan shiru, sa'an nan baƙo ya gyara zama ya ce, "To, lafiya, sai dai..." Ko mai kawo saƙon rasuwa sai ya amsa da "lafiya" tukuna. Gaisuwar shimfiɗa ce, a kanta ake sauke kayan, kuma mai gida ya san nauyin kayan tun daga yadda aka amsa, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Duk da haka ɗalibin nan yana da gaskiyarsa, kuma ba zan danne ta ba. Akwai wuraren da wannan ladabi ke zama cuta. Mara lafiya ba ya cewa komai sai "da sauƙi", ko da yana gargara, kuma uwa ta ce jikin yaro da sauƙi har a makara zuwa asibiti. Mafi muni shi ne idan mai mulki ya zo jaje, ya ce "yaya muka ji da haƙuri", jama'a su ce "haƙuri sai ma'aiki" ko "mun gode Allah", shi kuwa ya shiga mota ya koma Gusau da wannan amsa a matsayin rahoto. Godiyar Allah suka yi wa, ba shi ba. Wanda aka damƙa wa amanar tsaron mutane ba shi da hurumin tsayawa a kan shimfiɗa, wajibinsa ne ya zauna har a kai ga "sai dai". In kuwa ya tashi kafin nan, shi ne ya mai da gaisuwar ƙarya, ba talakan da ya amsa ba. Mu ma da laifinmu, don mun saba ɗaukar mai faɗin damuwarsa a fili kamar mara tawakkali, har ta kai mai ƙorafi na gaskiya yana jin kunyar buɗe baki.

Wani alherin gaisuwar Hausa da ba mu cika lura da shi ba shi ne ba ta tambayar addinin mutum. A Daki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, Bahaushe da Badakkare da Bafillace suna haɗuwa ranar kasuwa, cikinsu akwai Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni. Malamai sun yi saɓani a kan fara yi wa wanda ba Musulmi ba sallama, amma ban taɓa jin wanda ya hana "sannu da zuwa" ko "yaya iyali" ba. Haka Ba'indiyen da ke da masana'anta a Kano yake gaisawa da ma'aikatansa da "sannu", ba wanda ya rusuna, ba wanda ya ambaci abin bautar wani. Da annobar korona ta hana musafaha a 2020, shugabannin Turai sun koma haɗa tafuka irin na Indiyawa, mu kuwa ba mu rasa abin yi ba, don dama muna da ɗaga dunƙulallen hannu na jinjina da kuma dafa ƙirji.

'Yan'uwa marubuta, a nan ne nake da ƙorafi a kanmu. Ɗauki littattafan hikayoyinmu goma, a tara za ka ga an rubuta "bayan sun gaisa" an wuce, kamar gaisuwar ƙaiƙayi ce da ake sheƙewa kafin a kai ga tsaba. Masu shirya finafinan Indiya ba su yin wannan sakaci: suna tsayar da na'ura a kan surukar da ta janye ƙafarta don kada amarya ta taɓa, kuma ɗan kallo a Gummi da bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba ya gane an ƙi amaryar. Mu ma muna da irin wannan a hannu. Wa ya fara gaisarwa, mai kuɗin ko tsohon malaminsa? Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ko ta ɗan rage tsawo ne kawai? Kishiya ta amsa da "lafiya lau" ko da "lafiya" guda ɗaya a daƙile? An tambayi kowa da kowa na gidan aka tsallake sunan mutum ɗaya? A ce manomi ne ya shigo gari da asuba daga ƙauyen da aka tasa cikin dare, ya yi sallama a zauren wansa. Wan ya ce ina kwana, ya ce lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya mutanen gida, suna lahiya. Yaya yara. A nan sai ya dubi ƙasa, wan ya sake tambaya, shi kuwa har yanzu bai saki hannun wan ba.